Giyar Peugeot da Kunnen Bakanike a Ƙasar Gwandu

In giyar motarka ta fara gardama a yau, ka kai ta ɗaya daga cikin garejojin da ke bakin titi a Kalgo ko a cikin garin Gwandu, amsar da za ka fi ji ita ce: "Alhaji, sai dai a sauke a sa wata." Watar da ake nufi kuwa 'yar Beljiyam ce, wadda aka kwance daga motar da ta gama zamaninta a Turai ko Amurka, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, ta yada zango a kasuwar Ladipo ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sannan ta iso nan a bayan wata mota. Da wuya ka ji wani ya tambayi abin da ya lalace a cikin tsohuwar. Za a jingine ta a gindin dalbejiya har ranar da mai sayen gwangwan zai zo ya ɗora ta a sikeli.

Shekaru arba'in da suka wuce, lokacin duk wannan yanki yana cikin Jihar Sakkwato, ba da sifana ake fara gyaran giya ba. Da tambaya ake farawa. Maigidan gareji zai tsaya ya dafa murfin mota, ya dubi direba ya ce, "Yaushe taka yin kukan? Kana bisa totur, ko in ka saki? Da sanyin safe, ko sai ta yi zafi?" In direba ya soma kame-kame, sai ya ce masa ya koma gefe. Shi zai karɓi sitiyari, ya kashe rediyo, ya ɗauki yaro ɗaya ya zaunar da shi a kujerar baya, a fita kan kwalta. Kafin a dawo ya riga ya san ko za a sauke giyabos, ko kuwa laifin yana wani wuri daban.

Motar da ta horar da waɗannan mutane ita ce Peugeot. Ta farko 404 ce, wadda ta fito a Faransa a 1960, mai giya a jikin sitiyari. Ƙaramar a-kori-kurarta ta daɗe tana jigilar albasa da buhunan gero tsakanin Gwandu, Aliero da kasuwar Jega. Sai 504, wadda aka ƙaddamar a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969. Daga 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mayar da ita motar hukuma. Alƙali, sakataren ƙaramar hukuma, shugaban makaranta, ɗan kasuwa da direban tasha, duk abu guda suke hawa. Wannan ya yi wa kanikawa rana fiye da yadda ake zato. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kwance giyabos iri ɗaya, ba abin da zai ɓoye masa a ciki.

Matasan yanzu suna ganin 504 akwala ce, motar tsofaffin 'yan fansho. Ba su san tana da tarihin tsere ba. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya ci ta Maroko a wannan shekarar. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsa, ya kuma ci gasar Bandama a Kwaddibuwa. Wancan samfurin a yau kayan marmari ne a hannun masu tara tsofaffin motoci a Turai, suna kashe maƙudan kuɗi neman wanda ya iya gyaran giyarsa. Mu a nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu. Amma tseren gaskiya kullum ake yin sa: 504 doguwa, an cusa mata fasinja fiye da kujerunta, ga kaya a but har murfi bai rufuwa sai an ɗaure da igiya, ta taso daga Kamba ta biyo Bunza ta ɓullo mararrabar Kalgo a tsakiyar bazara.

Yadda suke gano ciwon giya yana da tsari, ko da yake ba wanda ya rubuta shi. Ana farawa mota na tsaye, inji na aiki, giya na firi. In ana jin gurnani daga ƙasa, ka taka kuloci ya ɗauke, to boris ne na cikin giyabos, domin taka kuloci ya tsayar da shaf ɗin da ke juyawa. In kuwa shiru ake ji sai ka taka kuloci sannan ƙara ta taso, giyabos ba shi da laifi, boris ɗin kuloci ne ya bushe. Ƙara ce kusan iri ɗaya a kunnen mai mota, amma tsakanin gyaran biyu akwai kuɗi mai yawa. A kan hanya kuma, in giya tana kuka a lamba ɗaya da biyu da uku, ta yi tsit a lamba huɗu, nan ma an gane. A giyar 504 mai lamba huɗu, ta huɗun kai tsaye take haɗa inji da farfela, ƙarfin bai bi ta shaf ɗin ƙasa. Tunda kukan ya mutu a nan, ciwon yana ga shaf ɗin ƙasan ko boris ɗinsa.

Haka ake bi da ƙarar haƙora, wannan "ƙurrr" da ke sa fasinja su dubi direba. In a lamba biyu kaɗai take yi, zoben tagulla ne da ke daidaita gudun haƙoran kafin su kama juna ya cinye, kuma lamba biyu ce ta fi saurin cinyewa saboda ita ta fi shan wahala a cikin gari da kan gargada. In kuwa kowace giya sai da faɗa take shiga, har da ribas, to kuloci ne bai saki sosai. Kulocin 504 da mai yake aiki kamar birki, saboda haka sau da yawa iska ce ta shiga, ko wata 'yar roba ta mutu. Aikin rabin yini ne, ba sai an taɓa giyabos ba. Giyar da ke fita da kanta in an saki totur a gangare kuma tana iya zama haƙora ne suka lashe, ko cokalin da ke tura su, amma bakanike mai hankali zai fara duba robobin da ke riƙe inji da giyabos. In sun yage, komai yana rawa, giya ta zame.

Wurin da 504 ta fi gwada gwaninta shi ne daga giyabos zuwa baya. Farfelarta ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da aksil ɗin baya. Ba ka iya shiga ƙarƙashi ka girgiza ta da hannu kamar yadda ake yi wa sauran motoci. Bututun kuma yana ɗaukar ƙara daga wannan gefe ya kai ta wancan, har mai mota ya rantse giyabos ne ke kuka alhali aksil ne. Amfanin yaron da aka zaunar a baya ke nan. Kukan da ke tashi in an ba da wuta, ya sauya murya in an saki, na haƙoran aksil ne ko boris ɗin finiya. Gunjin da bai damu da totur ba, sai dai ya ƙaru in an karya kwana hagu ya ragu in an karya dama, boris ɗin ƙafa ne. Bugun "kwas" guda ɗaya a daidai lokacin tashi kuwa, ko lokacin da aka koma kan totur, yana nuna haƙoran bakin farfela sun yi lako-lako. In har yanzu da shakka, sai a ɗaga bayan motar a kan kututture, a sa giya ƙafafu na juyawa, maigida ya dangana bakin doguwar sukudireba a jikin ƙarfe, ya kafa kunne a ƙotarta, ya riƙa matsawa har ya tsaya a inda ƙarar ta fi ƙarfi. Wanda ya taɓa ganin masu ɗorin karaya na Aliero suna bin ƙashi da yatsa kafin su ja, ya ga irin wannan natsuwar.

Hujja ta ƙarshe ita ce mai. Kafin a kwance noti ɗaya na giyabos, sai an tsiyaye mansa a cikin kwano mai tsabta, a fita da shi rana. In yana ƙyalli ruwan zinariya, zobban tagulla ne ke narkewa. In akwai ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke iya ji, haƙori ya fara ɓantarewa ko boris ya watse. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa da damina ga motocin da ke ratsa fadama zuwa ƙauyukan Kalgo irin su Diggi da Zuguru. Maigida zai miƙa wa mai mota kwanon ya ce, "Duba da idonka." Daga nan ciniki ya yi sauƙi, don an ga abin da za a biya kuɗi a kansa.

Kada a ɗauka zamanin nan duk gwanaye ne. Akwai 'yan cinke da yawa, waɗanda sai sun canza abu uku kafin su dace da na huɗu, a aljihun mai mota. Akwai masu zuba kowane irin mai a ko'ina. Peugeot ta ce giyabos ɗin 504 man inji yake sha, aksil kuma man giya mai kauri, amma sau nawa aka juya su? Aksil ɗin 404 na farko-farko, mai ƙafar tagulla, yana da man da aka keɓe masa, kuma da yawa sun mutu ne saboda an haɗa musu da wani. Ga dukan yara da sunan koyarwa, ga ɓoye sani. Wani maigidan in ya zo wurin saita haƙoran aksil, wanda shi ne ƙololuwar aikin, sai ya aiki yaransa sayen goro. Ilimi mai yawa ya bi masu shi kabari ta wannan hanya, kuma wannan laifin ba na zamani ba ne, nasu ne.

Abin da ya sauya al'amarin kuɗi ne kafin fasaha. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP naira ta fara faɗuwa, sabuwar mota daga Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar Kwatano ta buɗe wa motocin hannu. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, tana iyaka da Jamhuriyar Benin da Nijar, don haka tana cikin wuraren da motocin suka fara malalowa. Golf, Toyota, Honda, Opel, daga baya Sharan da Sienna, kowace da irin cikinta. Galibinsu da ƙafafun gaba suke ja, babu farfela, babu aksil ɗin baya, giya da komai a dunƙule suke a gefen inji. Peugeot kanta ta bi wannan hanya, 505 ta 1979 ce ta ƙarshe a cikin motocinta masu ja da baya. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina, sannan ita ma ta tsaya.

Kanikawa sun koyi sababbin ƙararraki, ba a ce ba su koya ba. Kowane yaron gareji a yau ya san "ƙas-ƙas-ƙas" a kan kwana shaf ne, robarsa ta yage, yashi ya shiga ya cinye shi. Amma tare da motocin sai ga kayan gyaransu na hannu sun cika kasuwa, da araha. Lissafin ya juye. Kwance giyabos, neman zobe ɗaya daga Panteka ta Kaduna, jiran kwana da kwanaki, a ɗaure, wataƙila a sake saukewa, duk wannan ya fi tsada a kan a sayo ɗan Beljiyam a ɗora kafin la'asar. Mai mota ya fi son haka, bakanike ma ya fi so, don yana da ɗan kamasho a wurin mai kaya. Ba wanda ya yi wauta a cikinsu. Sai dai yaron da ya shiga gareji a wannan zamani ya gama koyo, an yi masa walimar yaye, bai taɓa ganin cikin giyabos a buɗe ba.

Sai giya mai sarrafa kanta ta zo ta ƙarasa. Tun da Kalgo ta samu mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a kan hanyar Bunza, ga kuma babban asibitin jiha, motocin ma'aikata da ke bin hanyar kullum mafi yawansu otomatik ne. Wannan giya da matsin mai take aiki, da 'yan bawuloli masu lantarki, da ƙwaƙwalwar da ke ba su umarni. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake jona na'ura ta karanto laifin da ƙwaƙwalwar ta rubuta, ita ce ake kira OBD-II. Yanzu a Birnin Kebbi ba ka rasa matashi mai wannan na'ura, wani ma a wayarsa take. Ana ce masa mai kwamfuta, kuma maganarsa ta fi ta mai furfura karɓuwa.

Ni ban ga aibin na'urar ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karanta ta. In ta nuna P0700, abin da ta ce kawai shi ne ƙwaƙwalwar giya ta ga matsala, a je a bincika. In ta nuna P0730, ta ce gudun da ke shiga da wanda ke fita ba su yi daidai da lambar giyar ba. Wannan yana iya zama faifan ciki ne suka ƙone, yana iya zama mai ne ya yi ƙasa, ko matatarsa ta toshe, ko na'urar auna gudu ce ta mutu, ko ɓera ya ci waya. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan ba su kai a sauke giya ba. Amma abin da mai mota ke ji shi ne, "Kwamfuta ta ce giya ce." Na san wani malamin makaranta da ya sayar da ragunan da yake kiwo ya sayi giya, aka ɗora, motar ta ci gaba da maƙalewa a lamba ɗaya kamar da. Daga baya wani mai wayarin ya gano soket ne ya yi tsatsa. Tsohon maigidan gareji da bai iya karanta ko harafi ɗaya a fuskar na'urar ba, da ya fara da tambayarsa: yaushe take yi, da sanyi ko da zafi, kullum ko jefi-jefi? Ciwon da ke zuwa yana tafiya ya fi kama da na waya, haƙorin da ya karye ba ya warkewa da safe ya dawo da yamma.

Akwai kuma halayen tuƙi da muka gada daga zamanin Peugeot, waɗanda ke kashe sababbin giyoyi. Ana tura otomatik wai ta tashi, ba ta tashi. Ana ɗaure ta da igiya a ja ta daga Gwandu har Tambuwal ƙafafun gaba na ƙasa, alhali famfon da ke zagaya da mai sai inji na aiki yake juyawa, ta isa cikinta ya soye. Ana zuba jan mai na gama-gari a giyar CVT, wadda da bel ɗin ƙarfe take aiki kuma tana da nata man na daban. Ana loda wa Sienna buhunan albasa kamar a-kori-kura. Man otomatik mai lafiya ja ne garau, in ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna an riga an yi ɓarna. Duba shi bai ɗaukar minti biyu a motocin da ke da sandar awo, amma direbobi nawa ke yi?

Yanzu lissafin yana sake juyawa. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya na fiye da shekara guda. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira, dalar da ake saya a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan Beljiyam ya daina zama abin araha, kuma wanda ake samu ma ba kullum na Beljiyam ba ne. Wani a nan gida aka cire shi daga motar da ta yi hatsari, aka wanke da fetur. Garantin mako ɗaya ko biyu ake ba ka, kuɗin ɗorawa da saukewa kuma naka ne. Mutane sun fara tambayar da suka daina yi shekara ashirin: ba a iya gyara wannan ɗin? Masu iya amsawa sun yi ƙaranci. Waɗanda suka rage a Gwandu da Kalgo da Jega sun manyanta, wasu idonsu ya raunana, wasu sun koma gyaran injin ban ruwa na manoman shinkafa, wanda ya fi kawo kuɗi tun da noman rani ya bunƙasa.

Tsohon bai san bawul mai lantarki ba, yaron bai san muryar boris ba, kuma suna zaune a gari ɗaya, wani lokaci a layi ɗaya. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a jihar, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi da sashen injiniyanta. Ba abin da zai hana a ɗauki waɗannan dattawa a biya su, a ajiye musu tsofaffin giyabos a kan benci, na 504 da na Golf da na Corolla, su kwance su ɗaure a gaban ɗalibai da yaran gareji, su kuma matasan su nuna musu abin da na'ura ke faɗa. Kayan aikin ba tsada gare su ba, suna nan zube a gindin itatuwa ana jiran mai sikeli.

Kai kuma mai mota, kafin ka yarda a sauke maka giya, ka lura da lokacin da take yin abin da take yi, ka faɗa wa bakanike dalla-dalla, ka nemi ya fita da kai kan hanya ya ji da kunnensa. In an jona na'ura, ka sa a rubuta maka lambar da ta nuna a takarda. Sannan ka ce a tsiyaye man a kwano mai tsabta, a nuna maka a rana. Bakaniken da ya ƙi yin waɗannan, ɗauki motarka ka kai wa wani.